Daga Jeraniyom Zuwa Lalle: Renon Fure a Tsakar Gida a Ƙasar Gobir



Gabatarwa

An nemi in yi magana a kan furen jeraniyom, wanda ake gani a tukwanen ado a manyan birane. Asalinsa Afirka ta Kudu ne, ya isa Turai a ƙarni na 17, yau kuma Masar na cikin manyan masu tatso man turare daga ganyensa. Wannan takarda za ta duba ko zai rayu a Sabon Birni da Isa, da kuma abin da za mu koya daga renonsa.

Halin jeraniyom a yankinmu

Jeraniyom yana son rana, amma zafin bazararmu, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana ƙona masa ganye. Lokacin da yake jin daɗi a nan shi ne hunturu. Mai sha'awarsa ya yanko reshe mai tsawon yatsa, ya cire ganyen ƙasa, ya dasa a tukunyar da aka huda gindinta, cikin yashi da ruɓaɓɓen taki. Kada a ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe, domin yawan ruwa yana saurin ruɓar da saiwarsa. Idan bazara ta kama, a mayar da shi inuwar darbejiya.

Lalle, furen da ƙasarmu ta sani

Duk wannan dabara ta fi amfani ga lalle. Shi ma ana dasa reshensa, shi ma ba ya son ruwa ya kwanta masa, amma zafin da ke kashe jeraniyom bai dame shi ba. Furensa ƙanana ne masu ƙamshi, ganyensa kuma shi ne adon amarya tun daga ranar sa lalle, da adon mata ranar Sallah da suna.

A dasa shi da farkon damina, wajen watan Yuni ko Yuli, a jere gefen darni ko katanga. A zuba toka a gindinsa saboda gara, a kare shi da ƙaya daga awaki. Da rani, ruwan alwala ya ishe shi da zarar ya kama ƙasa. A riƙa aske shi, domin sabon toho ya fi jan kala. A shanya ganyen a inuwa kafin a daka shi. A garin Sojat na Indiya, noman lalle shi ne sana'ar da ta fitar da sunan garin duniya.

Me ya sa yanzu?

Kowa a zauren nan ya san gonakin da rashin tsaro ya raba mu da su, har da na fadamar Rima da Bunsuru. Matar da ba ta iya fita gona tana da tsakar gida. Lalle goma a jikin katanga za su ba ta abin sayarwa a kasuwar Sabon Birni, kuma za su raba 'ya'yanta da baƙin lallen da ake haɗawa da sinadari, wanda ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje.

Shawarwari

Ma'aikatun gona na ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa su reni dashen lalle, su raba wa ƙungiyoyin mata kafin ruwa ya sauka. Makarantu su kewaye filayensu da shi, a ajiye tukwanen jeraniyom don koya wa yara dashen reshe. Wadda lallenta ya girma ta yanko wa maƙwabciyarta reshe, domin ta haka gida ɗaya zai wadatar da unguwa.