Mai kansar huhu da motsa jiki: a kwanta ko a tashi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda muke zaune a birninsa, da alayensa da sahabbansa.



Shugabannin ƙungiya sun roƙe ni in yi magana kan tambayar da ta yawaita a bakinku, musamman masu iyaye ko dangi da ke jinya a gida ko a nan Saudiyya: wanda kansar huhu ta yi nisa a jikinsa, kuma yana karɓar magani, ya halatta ya motsa jiki, har ya yi gumi? Ko kuwa a bar shi ya kwanta?

Kun san al'adarmu. Da an ce mutum ba shi da lafiya, sai a shimfiɗa masa tabarma, a ce "Baba, ka huta", a hana shi ko ɗaukar buta. Ƙauna ce, babu shakka. To amma kwanciya tana cin tsoka. Idan tsokar ƙafa ta yi rauni, tafiya kaɗan sai ta jawo haki, hakin ya tsorata mara lafiya, ya ƙara kwanciya, rauni ya ƙaru. Haka abin yake ta zagayawa har mutum ya kasa zuwa banɗaki da ƙafarsa.

Wannan cuta ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kansar da ta fi kowace kisa, kusan mutum miliyan 1.8 a shekarar 2020. Duk da haka, a 2019 masana da Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta tara sun tabbatar cewa motsa jiki ba shi da haɗari ga yawancin masu kansa ko suna kan magani, kuma minti 30 sau 3 a mako yana rage gajiyar da maganin ke kawowa. A shekarar 2019 ɗin kuma, bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi kan masu kansar huhu da ta yi nisa ta nuna cewa atisaye yana ƙara nisan da suke iya takawa. Ku lura, ba a ce yana warkar da cutar ba. Abin da yake yi shi ne ya riƙe wa mutum ƙarfinsa, ya iya tsayuwa a sallah, ya iya yi wa kansa wanka.

To, ina maganar motsa jiki mai ƙarfi? Yana yiwuwa ga wasu, amma sai da izinin likita, kuma da kulawa. Ma'aunin mai sauƙi ne: in yana tafe yana iya magana, to yana daidai. In magana ta gagara, a sassauta. A dakata gaba ɗaya idan akwai zazzaɓi, ciwon ƙirji, jiri, tarin jini, ko jininsa ya yi ƙasa bayan kemo. Wanda cutar ta kai ƙashinsa kuwa, ya guji tsalle da ɗaga nauyi, don ƙashin na iya karyewa.

Mu a Madina Allah ya sauƙaƙa mana. Hanyar masu tafiya da ƙafa daga Masallacin Annabi zuwa Kuba kusan kilomita 3 ce, kuma ya tabbata Manzon Allah yakan ziyarci Kuba ranar Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Ba sai mara lafiya ya kai ƙarshe ba. Ya fara da minti 10, ya zauna, ya ƙara. Da rani zafi yana wuce digiri 40, don haka a fita bayan Asuba ko bayan Isha, da ruwa a hannu.

Ku da kuke nesa da gida, in kun kira waya, bayan "yaya jiki?" ku ƙara da "yau an taka kuwa?" Ku sa ƙane ko jika ya riƙa raka shi zuwa masallacin unguwa. Ku ce a tambayi likitansa abin da ya dace da shi a ganawa ta gaba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.