Ƙoƙon da Ba Kome a Ciki

Ko kana zaune a rumfarka a zangon Kumasi, ko a Maraɗi, ko Damagaram, ko Garwa, ko kina bakin hanya da tiren goro a gabanki, ina roƙo a ba ni aron kunne kaɗan, gama maganar yau ta shafi ran kowannenmu.

Babu ɗan kasuwan da bai san kalman nan "albarka" ba. Mai saye ya zo ya taya, tayinsa bai kai ba, sai ka ce masa, "Albarka." Ya ƙara kaɗan, ka sāke cewa, "Albarka." Watau abin da ke hannunsa bai isa ba tukuna, ko dai ya ƙara, ko ya yi gaba. A kasuwa mai hannu wofi ba ya komawa gida da kaya.

To, wata rana a ƙasar Galili Yesu ya hau kan tudu ya zauna, almajiransa suka matso, ya yi ta koya musu. Labarin yana cikin Bishara ta hannun Matta, sura 5. Ya lasafta mutane iri takwas waɗanda ke da albarka a wurin Allah, ya kuwa fara da matalauta a ruhu, ya ce su ne masu mulkin sama. Ka ji abin mamaki. A kasuwar duniya wanda kuɗinsa bai kai ba shi a ke sallama. A wurin Allah kuwa, wanda ya zo yana cewa ba shi da kome, shi ne a ke ba mulkin dungum.

Mene ne talaucin ruhu? Bari mu fara kawar da kuskure biyu.

Na ɗaya, kada ka ce Yesu yana maganar rashin kuɗi kaɗai. Ibrahim yana da garkunan dabbobi da azurfa da zinariya, amma sa'ad da ya tsaya yana roƙon Allah saboda Saduma, ya kira kansa ƙura da toka. Akwai kuma wanda ba shi da ko riga ta biyu, amma zuciyarsa cike ta ke da fahariya, ba mai iya gaya masa gaskiya. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya ne. Attajiri yana iya naɗa shi, matsiyaci ma yana iya naɗa shi.

Na biyu, kada ka ce ragwanci ne, ko mutuwar zuciya. Manzo Bulus da kansa yana ɗinkin tanti da hannunsa don kada ya zama kaya a kan kowa, ya kuma gargaɗi mutanen Tasalonika cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Saboda haka ka buɗe rumfarka da safe, ka nemi halalinka.

An rubuta Sabon Alkawari cikin harshen Helenawa, watau Girkanci, kuma harshen nan yana da kalma biyu don matalauci. Ɗaya ta talaka ce mai aikin ƙarfi, wanda ya ke samun na yau da ƙyar, kamar ɗan dako ko mai tallan ruwa. Ɗayar kuwa ta mabaraci ce, wanda ya durƙusa a bakin hanya, ba gona, ba sana'a, ba jari, sai abin da aka jefa masa a ƙoƙo. Wannan ta biyu ita ce ke cikin maganar Yesu. Ashe matalauci a ruhu shi ne wanda ya gane a gaban Allah ba shi da abin saye, ba shi da abin biya, sai dai ya miƙa ƙoƙo.

Yesu ya ba da misali a Luka sura 18. Mutum biyu suka shiga haikali yin addu'a. Ɗaya Bafarisiye ne, malami mai kiyaye doka. Ya tsaya ya shimfiɗa hajarsa a gaban Allah: azuminsa sau biyu a mako, zakkarsa ta ɗaya bisa goma daga dukan abin da ya samu, da yadda ya fi sauran mutane. Ba ƙarya ya yi ba, lalle yana yin abubuwan nan. Na biyun mai karɓar haraji ne, irin waɗanda su ke yi wa Romawa aiki suna ƙwarar 'yan'uwansu. Ya tsaya daga nesa, ya kasa ko ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai kawai. Yesu ya ce wannan na biyu ne ya koma gida baratacce. Don me? Don na farin ya zo yin ciniki da Allah, na biyun ya zo bara.

Watakila za ka ce, "Ai ni ban kai can ba. Ina da laifi, amma ina da lada kuma, sai a auna a gani." Ɗan'uwa, kai da ka san lissafi, zo mu yi lissafi tare. A Matta sura 18 Yesu ya yi maganar wani bawa da sarki ya ke bin sa talanti 10,000. A zamanin nan talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari ɗaya kuwa ladan yini guda ne na ɗan ƙwadago. Ka ga bashin ya kama dinari miliyan 60. In mutum zai yi aiki kowace rana ba hutu, bai taɓa ko ɗaya ya ci abinci ba, sai ya yi shekara fiye da 160,000 kafin ya biya. Duk da haka bawan ya ce a yi masa haƙuri, zai biya duka. Wannan maganar wanda bai san yawan bashinsa ba ce. Sarki kuwa ya ji tausayinsa, ya yafe masa gaba ɗaya. Haka zunubinmu ya ke a gaban Allah Mai Tsarki. Rage bashi ba zai fishe mu ba, ƙarin wa'adi ma ba zai fishe mu ba, sai gafara.

Akwai wani birni da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya san labarinsa, sunansa Lawudikiya. Kangonsa yana ƙasar Turkiyya har yau. Birnin fatauci ne a mahaɗar hanyoyi, ya yi suna da masu canjin kuɗi, da tufafin baƙin ulu, da likitoci masu maganin ido. A shekara ta 60 bayan haihuwar Kristi girgizar ƙasa ta rushe shi, mutanen garin kuwa suka sāke gina shi da kuɗinsu, ba tare da taimakon Roma ba. Ka ga masu arziki ke nan. Amma halin garin ya shiga cikin ikilisiyar garin. A Ru'ya ta Yohanna sura 3 Ubangiji ya aika musu da saƙo mai zafi. Su suna ganin sun wadata, ba su bukatar kome, shi kuwa yana ganinsu matalauta, makafi, tsirara. Ka lura da abu uku ɗin nan. Masu canjin kuɗi aka kira matalauta, masu maganin ido aka kira makafi, masu sayar da tufafi aka kira tsirara. Har ya nuna kansa a tsaye a waje yana ƙwanƙwasa ƙofa. Masu bi ne fa aka yi wa maganan nan. Saboda haka kai da ka daɗe da baftisma, kada ka ce wa'azin yau na wani ne.

Yanzu sai mu tambaya, in mutum ya zama matalauci a ruhu, da me za a gane shi?

Da fari, ya daina yi wa Allah ibada ta riba. Da yawa daga cikinmu muna ba da baiko kamar mai zuba adashi, muna jiran ranar kwasa. In kasuwa ta yi kyau mu ce Allah nagari ne, in kaya suka kwanta sai gunaguni. Shaiɗan ya yi wa Ayuba irin wannan zargi, wai don abin da ya ke samu ne ya ke tsoron Allah. Dukiyar Ayuba ta tafi, 'ya'yansa suka mutu, jikinsa ya cika da miki, amma bai rabu da Allah ba. Ka tambayi zuciyarka yau: in jarina ya karye gobe, zan ci gaba da bin Yesu?

Na biyu, hannunsa ya kan saki abin da ya riƙe. Ka tuna da gwauruwan nan a Markus sura 12. Mawadata suna zuba kuɗi da yawa a baitulmalin haikali, ita kuwa ta zo ta jefa 'yan tagulla biyu, mafi ƙanƙantar kuɗi na lokacin, kamar a ce anini biyu na zamanin kakanninmu. Yesu ya ce ta fi su duka bayarwa, gama su daga rararsu suka ɗiba, ita kuwa ta ba da abin da za ta ci. Allah ba ya duban yawan abin da ka bayar kaɗai, yana duban abin da ka ɓoye wa kanka.

Na uku, mudunsa ya kan gyaru. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, mai dukiya ƙwarai. Ranar da Yesu ya sauka a gidansa, ya miƙe ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya tilasta masa. Ɗan'uwa, in kana da mudu biyu, na saye da na sayarwa, in kana jera manyan goro a sama ka ɓoye masu tsutsa a ƙasa, in kana rantsuwa da sunan Allah a kan kuɗin da ba haka ka saya ba, to, har yanzu kuɗi ne ubangijinka. Taura biyu ba ta taunuwa. Yesu ya faɗa a fili cewa ba mai iya bauta wa Allah da dukiya tare.

Na huɗu, ya kan yi sauƙin gafara. Bawan nan da aka yafe wa talanti 10,000, da fitarsa ya gamu da abokin bautarsa wanda ya ke bi dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki, ya shaƙe shi ya sa aka kulle shi. Da sarki ya ji, ya yi fushi ƙwarai, ya hukunta shi. Ba a hana ka neman hakkinka ba. Amma wanda ya san abin da aka yafe masa ba zai tozarta maƙwabcinsa a tsakiyar kasuwa saboda ɗan bashi ba.

Kada ka ce abin ya fi ƙarfinka, gama Yesu bai aike mu hanyar da shi bai bi ba. Shi mai arzikin sama ne, amma aka haife shi aka kwantar a komin dabbobi. Ya yi yawo yana wa'azi ba shi da gida na kansa. Jakin da ya hau zuwa Urushalima na aro ne, kabarin da aka sa shi kuma na wani ne. Ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa. A kan giciye ya ɗauki bashin nan da ba mu iya biya, a rana ta uku kuma ya tashi daga matattu. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa saboda mu ne ya talauce, domin mu arzuta ta wurin talaucinsa.

Martin Luther, babban malamin bishara na ƙasar Jamus, ya fassara Littafi Mai Tsarki cikin Jamusanci, ya rubuta littattafai masu yawa. Da ya rasu a shekara ta 1546, aka sami wata 'yar takarda da ya rubuta a kwanakinsa na ƙarshe, a ƙarshenta kuwa ya shaida cewa dukanmu mabarata ne. Bayan dukan aikinsa, da ƙoƙo ya tafi wurin Ubangijinsa.

Kai fa? Kasuwa tana ci, amma yamma tana zuwa, kowa zai naɗe tabarmarsa. Likkafani ba shi da aljihu. Ƙwaryar da ta cika da ƙasa ba mai zuba mata nono, sai an zubar da ƙasar an wanke ta. Ka zubar da fahariyarka, da dogara ga asalinka, da dogara ga ayyukanka, ka zo hannu wofi. Ba za a sallame ka ba, gama Yesu ya yi alkawari ba zai kori mai zuwa wurinsa ba.

In zuciyarka ta yarda, sai ka yi addu'an nan tare da ni:

Ya Allah, na zo gabanka ba ni da kome. Bashina ya fi ƙarfina. Ka gafarta mini saboda Yesu Kristi wanda ya mutu domina. Ka karɓi raina, da rumfata, da jarina, su zama naka. Ka koya mini in bi ka ko da riba ko da hasara. Amin.

In ka gama karanta takardan nan kada ka ƙulle gyaɗa a cikinta. Ka miƙa wa maƙwabcinka na rumfa, in bai iya karatu ba ka karanta masa. In kuwa kana da tambaya, ka nemi wani mai bi na kusa da kai ku buɗe Matta sura 5 tare. Allah ya ba mu alheri. Sai wani jiƙon.