Zango Ya Zama Gida

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.



Muna godiya ga Allah da ya nuna mana ranar da masallacin nan namu ya cika shekara 50 ana kiran salla a cikinsa. Dattawan masallaci sun umurce mu mu yi jawabi a kan zamanmu a ƙasar nan, mu kuwa muka ga babu abin da ya fi cancanta a duba kamar tambayar da yaranmu ke kawo mana daga makaranta da ofisoshin Gwamnati, watau, mu mutanen zango, baƙi ne a Kumashi ko kuwa 'yan gida?

To, jama'a, ma'anar zango a bakin fatake ita ce wurin da ayari ke sauke kaya, jakai su huta, gari na wayewa a ɗaura a wuce. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja da kanwa da tufafi da fatu, su sayo goro a Salaga su koma Hausa. Tun kafin mulkin Turawa akwai Musulmi a garin nan. Baturen nan Bowdich da ya zo Kumashi a 1817, da Dupuis da ya biyo bayansa a 1820, duk sun tarad da malamai a fadar Sarkin Asante Osei Bonsu, ana girmama su. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake da malamai suka bazu. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Karachi yana karantarwa har Allah ya karɓi ransa a 1934. Da Ingilishi suka ci Kumashi, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903, ga aikin koko ya buɗe, sai mutanen arewa suka yi ta kwararowa. Wanda ya zo da niyyar wata uku sai ga shi ya yi aure, ya gina soro, an yi masa kabari a nan.

Akwai wani fannin ilmi da masana ke kira ilmin zaman jama'a. Ma'abotansa sukan je su zauna cikin mutane shekara guda ko fiye, su koyi harshensu, su dubi yadda suke aure da ciniki da shari'a, sa'an nan su rubuta. Uku daga cikinsu sun yi aiki a kan irin zamanmu, ya kamata kuwa mu san abin da suka gano, gama in an ambaci mutum a bayan idonsa, gara ya ji abin da aka ce.

Na fari shi ne Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, a ƙasar Yarabawa, a 1962 da 1963, littafinsa ya fito a 1969. Ya so ya san abin da ya sa cinikin goro da na shanu ya zauna a hannun Hausawan Sabo. Sai ya tarar asirin yana wurin mai gida. Falke ya zo da shanu daga arewa, mai gida ya sauke shi, ya ci da shi, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa a kan bashin da mahauta suka ci, ya ajiye masa kuɗinsa, duk ba takarda, sai amana. Wanda ya ci amana kuwa labarinsa zai riga shi isa kowane zango. Ya kuma ga cewa sa'ad da mulkin Turawa ya fara janyewa, ikon Sarkin Sabo ya raunana, sai mutanen unguwar suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, suka tsai da Jumma'arsu, masallaci ya zama shi ne igiyar da ta ɗaure su wuri guda.

Ta biyu ita ce Enid Schildkrout, 'yar Amurka, wadda ta zauna a zangon nan namu na Kumashi a shekarun 1960, ta fi mai da hankali ga Mosawa. Littafinta, People of the Zongo, watau mutanen zango, ya fito a 1978. Ta ga iyayen da suka zo daga ƙasar Mosi suna riƙe da harshensu, suna ɗaukar ɗan garinsu tamkar ɗan'uwa na jini, ko da ba su haɗa kaka ba. Amma 'ya'yansu da aka haifa a nan Hausa suke yi, suna da aure da jana'iza duk irin na zango ne, ba ka rarrabe su da ɗan Bakano ko ɗan Bazabarme. Duk da haka sunan ƙabila bai mutu ba, yakan taso ne in ana maganar sarauta, ko siyasa, ko wanda zai wakilci jama'a gaban hukuma.

Ta uku ita ce Deborah Pellow, ita ma 'yar Amurka, wadda ta yi nazarin Sabon Zango na Ankara, babban birnin ƙasarmu, unguwar da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20. Littafinta ya fito a 2002. Ita kuma gidaje ta duba, da zaure da tsakar gida, da zaman masu gida da 'yan haya, ta nuna yadda unguwar da Hausawa suka kafa ta cika da ƙabilu iri iri, har da waɗanda ba Musulmi ba.

In muka haɗa maganar mutum ukun nan, abu guda za mu tsinta. Zama ɗan zango abu ne da aka gina da zaman tare: harshe guda na kasuwa, sahu guda na salla, da amanar da ke tsakanin mai gida da baƙonsa. Jini kaɗai bai gina shi ba. Ku dubi sahunmu na Jumma'a: Hausawa, Mosawa, Dagwambawa, Zabarmawa, Wangarawa, Fulani, Kotokoli, Yarabawa, da Tonawan da suka musulunta. Wannan kuwa ba sabon karatu ba ne gare mu. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta riga ta koya mana dalilin da ya sa aka yi mu ƙabila ƙabila, da abin da ke fifita wani a kan wani. Manzon Allah kuma da ya isa Madina ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, baƙo da ɗan gari suka zama abu guda.

Amma fa ba kullum aka ɗauke mu 'yan gida ba, kada mu ɓoye wa yara wannan. A 1957, shekarar da Gana ta sami mulkin kai, Gwamnati ta kori manyan zangon Kumashi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Nijeriya, alhali sun ce su 'yan ƙasar nan ne. Ran 18 ga Nuwamba 1969 Gwamnatin Busia ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban mutane suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, aka cika manyan motoci, cikinsu har da waɗanda nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ne ba. A 1983 kuma Nijeriya ta yi nata korar, 'yan Gana wajen miliyan guda suka komo. Abin lura a nan shi ne, ranar da hukuma ta tashi tambaya, ba ta tambayi wanda ya san kakanka ba, takarda ta nema.

Alhamdu lillahi, al'amura sun sake. An kafa sashen makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa a 1987. Musulmi biyu sun riƙe muƙamin Mataimakin Shugaban Ƙasa, Alhaji Aliyu Mahama daga 2001 zuwa 2009, da Dakta Mahamudu Bawumia daga 2017 zuwa 2025. A 2017 Majalisa ta yi dokar asusun raya zangogi. A 2019 Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya ziyarci wata majami'ar Katolika a Ankara yana da shekara 100, duniya ta yaba. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na ƙasar nan Musulmi ne. Duk da haka, har yanzu yaron da ya ce sunansa Garba ko Hamidu yakan sha tambayoyi a wurin yankan katin ɗan ƙasa, waɗanda ba a yi wa abokinsa na aji. Har yanzu kuma akwai masu jin kalmar zango su tuna da kwata da rigima kawai.

Saboda haka muna roƙon jama'a abu huɗu.

Na ɗaya, takarda. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan kafa shi ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Ashe haihuwa a nan kaɗai ba ta isa hujja ba. Kada a yanka ragon suna a bar rajistar haihuwa. Takardun tsofaffi, na gida da na haraji da na aikin soja, a adana su kamar yadda ake adana kundin malam. Masallaci kuma ya buɗe littafi, a riƙa rubuta kowane suna da aure da rasuwa.

Na biyu, karatu. Allo da boko duka, ga maza ga mata. Wanda ba ya cikin ɗakin da ake shawara, da shi za a yi shawarar. Muna bukatar 'ya'yanmu su zama likitoci da lauyoyi da malaman makaranta, suna kuma iya ja baƙi a gaban liman.

Na uku, mu gyara tsakaninmu. Ba daidai ba ne mu yi kukan an kira mu baƙi, sa'an nan mu hana wa saurayi mai addini da sana'a 'yarmu don kakansa Bagurunshe ne, ko mu raina karatun malami don Hausarsa ba ta Kano ba ce. Wanda ya zo jiya daga Bawku, ko Yamai, ko Wagadugu, yana tsaye inda kakanninmu suka tsaya. Baƙon jiya shi ne mai masaukin yau, amanar mai gida ta dawo wuyanmu. Haka kuma maƙwabtanmu Tonawa da suka ba kakanninmu wurin zama, haƙƙin maƙwabtaka yana kanmu, a farin cikinsu da baƙin cikinsu.

Na huɗu, tarihi. Mutanen da muka ambata sun ƙetaro teku sun rubuta labarinmu, mun gode musu. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tsofaffin da suka ga 1969 da idonsu suna ƙarewa. Samarinmu da ke jami'a su zauna gabansu da alƙalami tun ba a makara ba.

Jama'a, matafiyi ba ya haƙa harsashi a inda zai kwana ɗaya. Iyayenmu da suka tara sisi da kwabo suka ɗora tubalin masallacin nan sun riga sun amsa tambayar yaranmu da hannunsu. Saura mu riƙe abin da suka bari.

Allah ya jiƙan waɗanda suka gina shi, ya haskaka kaburburansu. Allah ya ƙara wa limamanmu da sarakunanmu lafiya da adalci. Allah ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya, ya shirya mana zuriya, ya sa mu cika da imani. Amin.