Hoton Tiga: sai wanda ya kwana a can



Wani ɗan'uwa daga Tarauni ya turo saƙo, wai ya je Dam ɗin Tiga amma hotunansa duk sun fito fari fat, ko wayarsa ce? Malam, ba waya ba ce, lokaci ne. Ni ma ta taɓa ci na. Mun taso daga Gyadi-Gyadi da hantsi, muka bi titin Zariya, muka isa rana tsaka. Ga hazon hunturu, ruwa da sama sun haɗe, ba inuwa ba launi. Kuɗin mai ya tafi a banza.

Karo na biyu sai bayan damina, muka ɗauki tanti da gidan sauro. Kafin mu kafa komai, sai da muka je muka gaida mai unguwa. Don Allah kar ku tsallake wannan. A zamanin nan, baƙon da ya kwana a jeji da kyamara, wani kallo za a yi masa. Shi ya haɗa mu da masunta, muka kwana kusa da su.

Muna idar da sallar asuba na jingina wayata a kan dutse, don kar hannu ya girgiza ta. Rana ta ɓullo, haske ya kwanta kan ruwan nan da aka tare tun 1974, kwale-kwale suna fita ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu gama shan shayi, launin ya gushe.

To, ɗan'uwana, ka koma, amma ka kwana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.