YANYAWA DA ƊAN ADAM: DARASIN DA NA KOYA A BAKIN RAMI

(Jawabin da ɗaya daga cikinmu ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a birnin Sakkwato)



Da Sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa in yi magana a kan aikin da na kama bayan na yi ritaya, watau ɗaukar hoton namun daji, na san wasunku za su zaci labarin zaki ko giwa zan kawo. To, a gafarce ni. Labarin yanyawa na zo da shi, tare da wani kuskure da na tabka a kanta.

Da farko bari mu rarrabe, domin mutane da yawa suna haɗa ta da dila. Dila, malamin daji na cikin tatsuniya, ya fi ta girma nesa ba kusa ba. Ita yanyawa kusan girman kyanwa take, nauyinta kamar kilo 2 zuwa 3, launinta irin na yashi, ga manyan kunnuwa, ga wutsiya mai gashi da baƙi a ƙarshenta. Ana samun ta a yankin Sahel, tun daga Senegal har zuwa Sudan, kuma ƙasarmu ta Sakkwato tana cikin wannan yanki. Da dare take fita kiwo. Da rana tana cikin rami, wanda tsawonsa kan kai mita 15. Takan ɗauki ciki kwana 51 zuwa 53, ta haifi 'ya'ya 3 zuwa 6.

Gab da faɗuwar damina, wani manomi abokina da ke wajen gari, ta hanyar Kware, ya ce mini ya ga sawunta a wani tudun yashi a bayan gonarsa. Na je na sami ramin a gindin sabara. Kwana tara ina zuwa tun kafin asalatu, in kwanta rub-da-ciki a nesa, ta inda iska ba za ta kai musu ƙanshina ba. Sauro ya ci, cinnaka ya ci, ban ga komai ba sai sawu. Matata har ta fara tambaya ko lafiya. Amma mahaƙurci mawadaci. Ran kwana na goma, gari na soma wayewa, sai ga wani ɗan kai ya leƙo, kunnuwa a miƙe. Can sai na biyu, sai na uku, sai na huɗu. Suka shiga kokawa a bakin ramin, wannan ya ciji wutsiyar wannan, uwar tana gefe tana sauraren daji. Jama'a, hannuna rawa yake yi lokacin da na danna kyamara.

Abin da na gani a kwanakin da suka biyo baya shi ne ya fi hoton muhimmanci. A bakin ramin akwai fukafukan fara, da ƙasusuwan ɓeraye, da ragowar ƙadangaru. Wannan shi ne abincinta na yau da kullum, tare da ƙwari, da ƙwan tsuntsaye, da 'ya'yan itatuwa irin su guna. Ku duba da kyau: ɓera da fara su ne abokan gaban manomi, masu cinye gero a gona da cikin rumbu. Ashe duk dare akwai mai yi wa gonar abokina gadi ba tare da ya biya ko sisi ba.

Yanzu ga kuskuren. Murna ta ɗebe ni, na zauna a majalisar ƙauyen ina nuna hotunan, har na kwatanta wurin. Baki shi ke yanka wuya. Bayan kwana uku na koma, na tarar an tone ramin da fartanya, an cusa yayi an sa wuta. Wasu samari sun kama biyu daga cikin 'ya'yan don su kai birni su sayar, sauran ban san inda suka yi ba. Da na tambayi dalili, sai aka ce mini yanyawa ɓarauniyar kaji ce. Na ce kajin wa ta ci? Aka yi shiru, sannan wani ya ce an taɓa rasa kaza a gidansu bara. Na ɗaga murya zan yi faɗa, sai wani dattijo ya ce, "Malam, wa ya nuna musu wurin?" Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na kama bakina.

Ba na musun cewa yanyawa takan ɗauki kaza idan ta sami akurki a buɗe, kuma kaza dukiya ce ga matar karkara. Amma maganin wannan shi ne akurki mai ƙofa da ake rufewa da magariba. Idan muka ƙarar da mai cin ɓera saboda kaza guda, asarar da za mu tarar a rumbu ta fi kazar.

Wannan gardama ba mu kaɗai muke yin ta ba. A Ingila an shafe ɗaruruwan shekaru ana farautar irin tasu yanyawar, ja mai girma, da karnuka da dawaki, har majalisarsu ta yi dokar hana hakan a 2004, yau kuma dabbar tana yawo cikin unguwannin Landan. A ƙasar Mali, mutanen Dogon sukan zana layuka a kan yashi su watsa gyaɗa da yamma, da safe su zo su duba sawun yanyawa don yin duba irin na al'adarsu. A Aljeriya kuwa, da sunan ƙaramar yanyawar Sahara ake yi wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa laƙabi. Maƙwabciyarmu Nijar ta keɓe dajin Termit da Tin Toumma a 2012, inda yanyawa take cikin namun da ke samun kariya. Dabba iri ɗaya, amma kowa da idon da yake kallon ta.

Ƙannenmu ɗalibai, kusan kowannenku yana da waya mai ɗaukar hoto, don haka ga shawara uku. Na ɗaya, ku tsaya nesa, kada ku haska mata tocila ko ku ba ta abinci. Na biyu, kada ku taɓa ɗan dabbar daji da hannu, domin dangin kare sukan ɗauki ciwon haukan kare, kuma ɗan da aka raba da uwarsa da wuya ya rayu. Na uku, wanda na koya da tsada, ku nuna hoto amma ku ɓoye wurin.

Ga mu kuma manya, ina roƙon ƙungiya ta taimaka wa makarantarmu da kafa kulob na nazarin halittu, yara su riƙa fita tare da malaminsu suna sanin dabbobin ƙasarsu. Ni na yi alkawarin ba da hotunan nan huɗu da na kawo a rataye a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ya tsaya a gabansu, a gaya masa yadda aka yi da masu hoton.