Agajin Gwamnati Bayan Ambaliya: Jawabi Ga Jama'a

Ina so in jawo hankalinku ga maganar agajin da akan bai wa waɗanda bala'i ya aukawa, musamman ambaliyar ruwa, domin mutane da yawa suna ɗauka diyya ce. Ba haka ba ne.

Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar agaji a 1976, wadda a 1999 aka maye gurbinta da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA. Jihohi ma suna da nasu hukumomin. Aikinsu na farko shi ne ceton rai, da ba da abinci, da magani, da wurin kwana. Kuɗi sai daga baya.

To, nawa ne kuɗin? A ambaliyar 2012, wadda ta raba mutane fiye da miliyan 2 da gidajensu, Gwamnatin Tarayya ta ware naira miliyan dubu 17 da miliyan 600. Kuɗi ne masu yawa a baki, amma in da za a raba su daidai wa daida, kowa ba zai sami naira 9,000 ba. Saboda haka wanda ya zauna jiran gwamnati ta mayar masa da rumbunsa da shanunsa, damina za ta faɗi ta same shi zaune. Abin da ya shigo hannu jari ne. A fara da iri, da taki, da kayan sana'a, tukuna a yi zancen sauran.

Rabon kuwa da rajista ake yinsa. Ku ba da sunayenku ta hannun mai unguwa ko dagaci, ku faɗi hasararku tsakani da Allah. Mai ƙara sunan ƙarya hakkin maƙwabcinsa yake ci. Kada ku ba kowa ko kwabo don ya rubuta ku. Wanda ya nema, ku kai ƙararsa.

Manoma kuma su sani tun 1987 akwai shirin inshorar amfanin gona, wanda hukumar NAIC ke gudanarwa. Amma kafin bala'i ake shiga, ba bayansa ba.

Sai maganar sāke gini. Ruwan madatsar Alau ya ci Maiduguri a 1994, ya kuma komo a watan Satumba na 2024. Duk wanda gidansa ke kan hanyar ruwa, ya nemi shawarar ofishin filaye na jiharsa kafin ya sa tubali.