Ɗingishin Mai Sikila Ba Aikin Mai Ɗori Ba Ne



Ƙashi abu ne mai rai, kuma jini ke ciyar da shi. Idan hanyar jinin ta toshe, sai ya mutu sannu a hankali. Wannan ne ke samun da dama daga cikin 'ya'yanmu masu sikila. Ƙwayoyin jininsu masu siffar lauje kan toshe ƙananan jijiyoyin da ke shayar da kan ƙashin cinya, daidai mahaɗar ƙugu. Ciwon yakan fara a matsematsi ko gwiwa, ɗingishi ya biyo baya. Mu kuwa sai mu ce sanyi ne ko jifa, mu nufi mai ɗori, har kan ƙashin ya rushe. Alhali hoton MRI yana gano cutar tun ba ta bayyana a hoton ƙashi ba. In an makara, sai aikin sauya mahaɗar, irin wanda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka.

Saboda haka muna roƙon wannan ƙungiya ta buɗe asusun kai irin waɗannan yara asibiti da wuri. Mu kuma riƙe gwajin jini kafin aure, domin idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na haifar mai sikila.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.